Sitiyarin Baya

A garejin kamfanin ɗaukar manyan kaya babu mai kiransa da sunan yanka. Wutsiya ake ce masa, tun daga manaja har mai shayin bakin ƙofa, kuma ya daɗe da daina ɓata rai a kan haka, a fuska dai. Dogo ne siriri, gemunsa ya fara furfura ta gefe guda, ga shi da tafiya sannu-sannu. Idan ka gan shi a kan benci yana kurɓar shayi sai ka rantse duniya ba ta taɓa yi masa komai ba. Amma akwai abin da ke cin sa shekara da shekaru, wato kujerar ƙaninsa.

Sai an san motar kafin a san mutumin. Kamfanin na da tireloli birjik, amma guda ɗaya ake ji da ita, wadda ake ɗora wa kayan da hanya ba ta saba gani ba, irin su tankunan masana'antu da ƙarafan gada da injinan da sai an ɗaga wayoyin lantarki kafin su wuce. Tsawonta ya kai kanta ya shiga wata unguwa gindinta bai bar ta baya ba. Tayoyinta na baya suna da nasu sitiyarin daban, don haka mutum biyu ke tuƙa ta. Ɗaya na gaba, cikin ɗaki mai gilashi da sanyi. Ɗayan na can ƙarshe, a kan 'yar kujerar ƙarfe da aka liƙa da walda, guntun tamfol a kansa, akwatin rimot rataye a wuya, yana juya tayoyin da yatsunsa. 'Yar rediyon magana, wato oba-oba, ita ce kaɗai ke haɗa su. In na gaba ya karya kwana na baya bai bi shi daidai ba, gindin motar zai share duk abin da ya tarar, ko turken lantarki ne ko katangar mutane.

Wutsiya ya riga kusan kowa a garejin zama direba. Shi ya koya wa ƙaninsa mota, Autan tsohuwarsu, a wani fili bayan gari, ranakun hutu, yana yi masa tsawa yana lallashi. Shi ya riƙo hannunsa ya kai shi gaban manaja ya ce, “Ga ƙanina, in ya yi ɓarna ni za a kama.” Da aka sayo doguwar motar, manaja ya jera durom-durom a filin gareji, ya sa kowane direba ya gwada rimot ɗin. Kowa ya zo sai ya yi wa durom kaca-kaca, ana dariya. Wutsiya ya karɓa, ya ratsa da gindin motar tsakaninsu bai taɓa ko ɗaya ba.

“Baya na son mai natsuwa,” in ji manaja. “Ka riƙe mana na ɗan lokaci kafin mu horar da wani. Auta ya hau gaba, tunda ya fi kowa gane muryarka.”

Ɗan lokacin nan shi ya yi ta miƙewa har 'yar da aka haifa wa Wutsiya a shekarar ta shiga sakandare. Duk sanda ya taɓo maganar, manaja sai ya dafa masa kafaɗa ya ce, “Wa zan sa a can? Ai ba ka da na biyu.” Iya aikinsa ya ɗaure shi a wurin tamau. Da ya sani a ranar gwajin, da ya take durom biyu ko uku kamar kowa.

In suka ratsa gari, jama'a kan yi cincirindo a bakin titi. Auta ake ɗaga wa hannu, Auta ake ɗauka a waya, shi ma ya danna hon ya yi murmushi. Kafin gindin motar ya iso, kallo ya ƙare, kowa ya koma harkarsa. 'Yan tsirarun da suka rage kan nuna shi su ce, “Lah, ga wani an manta da shi a baya.” Hayaƙi nasa ne, ƙura tasa ce, ruwan sama ma shi yake samu. Da kamfani ya buga kalanda, hoton motar aka sa, Auta ya harɗe hannu a jikin ƙofa. Tsohuwarsu ta rataye ta a ɗakinta, shekara ta wuce ba ta sauke ba. In baƙi suka zo takan ce, “Ga Auta da motarsa. Babban ma yana ciki, ku duba can gefe, ga gwiwar hannunsa.”

Hatta a gidansa bai tsira ba. Matarsa kan ce, “Yaushe motar Auta za ta tashi?”

Wata rana ya kasa haɗiyewa ya ce, “Motar kamfani ce.”

“To, motar kamfanin da Auta ke ja.”

“Ni kuma me nake yi a kanta? Shan iska?”

“Haba maigida, ai kana taimaka masa,” ta ce, ta ci gaba da ninke kayan yara. Da zuciya ɗaya ta faɗa, shi ya sa maganar ta fi yi masa ciwo.

Abin takaicin shi ne Auta mutumin kirki ne. Bai taɓa kiransa Wutsiya ba, ko a bayan ido. Yaya ne a gida, Yaya ne a oba-oba. In suka tsaya hutu zai sauko da ruwan sanyi, ya taka tsawon motar nan ya kawo masa, ya ce, “Yaya, zo ka ɗan miƙe a ciki, sanyin na nan.” Wutsiya bai taɓa shiga ba. Ya fi son ya zauna a gindin taya da ya ɗana kujerar a matsayin baƙo. Ya nemi laifi guda a jikin ƙaninsa da zai rataya wa haushinsa, ya rasa, sai rashin laifin ya zama wani sabon haushi. Ƙyashi ne, ya kuma san sunansa. Yana son Auta, yana kuma ƙyashin kujerarsa, duka biyun suna zaune a ƙirjinsa babu wanda ya kori wani.

Ana nan sai aka samu aikin wani katafaren tanki da za a kai masana'antar taki. A ƙa'idar aikinsu, ba a tashi da irin wannan kaya sai an fara bin hanyar da ƙaramar mota. A kan tafi da gora mai tsawo daidai da tsayin kayan, a gwada ta a ƙarƙashin kowace waya da kowace gada, a duba kwanonin da gindi zai iya sha. Wannan karon Auta bai je ba, matarsa na kwance a asibiti an yi mata aiki. Wutsiya ya tafi da mai rakiya, mutumin da ke shiga gabansu da mota mai fitila a ka. A wani babban gari suka tarar da canji. Hanyar hagu ta shataletale, wadda suka saba bi tun fil azal, an gina mata gadar masu tafiya a ƙasa daidai kasuwa. Suka ɗaga gora, ta doki gadar. Ba makawa sai a miƙe a bi ta bayan gari.

Ranar tashi mai rakiya ya zayyana wa Auta sauye-sauyen hanya ɗaya bayan ɗaya, har da na shataletalen. Auta na gyaɗa kai, idanunsa jajur saboda kwanan asibiti. Da aka gama ya yi hamma ya ce, “In ma na manta, ai Yaya na nan.”

A wurin lodi ne abin ya lalace. Wani matashin injiniya na kamfanin da ya ƙera tankin ya zo ya tsaya kusa da Auta, ya miƙa wa Wutsiya wayarsa ya ce, “Baba, ɗan ɗauke mu.” Sannan ya juya ga Auta. “Karen motarka ne wannan? Bai yi girma da aikin nan ba kuwa?” A daidai lokacin wayar Auta ta yi ƙara, daga asibiti ne. Ya kai ta kunne yana cewa, “Eh, eh, shi ke baya,” bai ko ɗago ba. Wataƙila bai ji tambayar ba sam. Wutsiya ya ɗauki hoton, ya ma ɗauke shi da kyau, ya mayar da wayar da hannu biyu. Daga nan ya hau kujerarsa ta ƙarfe, ya yi ta tauna maganar nan tsawon hanya, yana haɗa ta da ƙura yana haɗiyewa.

Rana ta take tsaka suka iso garin. Mai rakiya ya miƙe ya wuce shataletalen, ya yi fakin can gaba, ya fita yana roƙon jami'in hanya ya tsare musu motoci, ya bar oba-obarsa a kan kujera. Wata babbar bas ta kutso ta tare wa Auta gani. Sai muryar Auta ta fito daga oba-obar da ke ƙirjin Wutsiya, a gajiye.

“Yaya, mun iso shataletale. Zan karya hagu, shirya.”

Kada wani ya ce mantuwa ce, ko rana ce ta buge shi. Gadar na tsaye a idonsa tar, har ƙarar gorar da ta doke ta yana ji. Babban yatsansa na kan maɓallin magana. Kalma ɗaya ta isa. Amma abin da ya zo masa shi ne fuskar injiniyan nan, da kalandar ɗakin tsohuwa, da wata tambaya mai daɗi: yau in mai motar ya ɓata, wa za a kira?

Ya danna ya ce, “To.”

Kwanar matsattsiya ce. Da ya saki rimot ɗin kawai, da gindin ya hau dakalin shataletale, da dole Auta ya taka birki tun kafin a yi nisa. Bai saki ba. Ya bi da tayoyin nan a tsanake, suka sha kwanar sumul ba su goge ko fenti ba. A duk shekarunsa bai taɓa karya kwana mai kyan wannan ba.

Titin ya fara tsukewa. Rumfuna suka matso, masu tebur suka fara janye kayansu suna zagi. Can sai birki ya yi huci, motar ta tsaya cak. 

“Innalillahi,” in ji Auta. “Yaya, gadar.”

Irin wannan mota ba ta juyawa. Inda ta shiga da kai, nan za ta fita da baya. Kafin a ce me, titin ya toshe gaba da baya, hon ya cika kasuwa. Jami'an hanya suka iso suna dukan ƙofar Auta da tafin hannu. Wani mai sayar da kifi ya tsaya a gaban gilashin yana nuna masa ƙanƙararsa da ke narkewa a baro. Wata mata ta ce a sauko da shi a tambaye shi ko makaho ne. Mai rakiya ya iso da gudu yana haki, yana faɗin, “Na gaya maka! Wallahi na gaya maka!” Auta ya sauko ta cikin zagin, ya tako har baya, leɓensa ya bushe. Ya tsaya a gaban yayansa ya ce, “Yaya, sai kai.”

Wutsiya ya sauko daga kujerarsa, ya kaɗe wando, ya gyara igiyar rimot a wuya. A ribas gindi ne ke zama kai. Auta zai koma ciki ya riƙe sitiyari da birki yana bin umarni kawai, ba ya ganin komai sai jikin tanki a madubi. Duk inda motar za ta sa ƙafa, Wutsiya ne zai zaɓa.

Ya tsaya a tsakiyar titi ya ɗaga hannu, aka dare masa. “Taho,” ya ce a oba-oba. “Kaɗan. Kaɗan. Tsaya. Ba ni dama kamar taku ɗaya. Ya isa.” Auta na bin kowace kalma ido rufe. Tayoyi suka riƙa wucewa ta bakin lambatu da tazarar da ba ta fi tafin hannu ba. Suka kauce wa rumfar mai gyaran waya, suka zame ta gefen turken lantarki har jama'a suka riƙe numfashi. Zagi ya lafa, kallo ya koma kansa. Wayoyi suka ɗago, duk shi suke nunawa. Ya ji matar ɗazu na cewa, “Kai, dattijon nan ya san aikinsa. Shi ya kamata a ba motar, ba wancan ba.”

Gaskiya ɗaya ce, ya ji daɗi. Daɗin ya ratsa shi har tafin ƙafa. Ya san abin da ya aikata, ya san wanda ke zaune a ciki yana shan kunya, amma hakan bai rage komai ba a lokacin. Har ɗan jan aikin ya yi a inda bai buƙaci ja ba. Sai da rana ta yi sanyi gindin motar ya fito shataletale. Aka ɗauki tafi da shewa, wani ya cusa masa lemo mai sanyi a hannu, jami'in da ya fi kowa hargagi ya zo ya yi musabaha da shi. Da ya taka gaba don ya ce su tafi, sai ya hango Auta ta gilashi, ya kifa goshi a kan sitiyari.

Bayan sun dawo manaja ya kira su ukun ofis. Hukuma ta rubuto, masu tankin sun yi fushi, bidiyon ya zaga ko'ina. Mai rakiya ya maimaita cewa ya faɗa. Manaja ya juyo ga Wutsiya.

“Kai da ka je duba hanyar da ƙafarka, ba ka ga inda aka nufa ba?”

Wutsiya ya buɗe baki bai san abin da zai fito ba. Auta ya riga shi.

“Ranka ya daɗe, daga baya ba a ganin hanya, tanki ya tare shi. An gaya mini, ni na manta. Laifina ne ni kaɗai.”

Bai ambaci maganar oba-oba ba. Wutsiya ya saci kallonsa, ya ga idonsa na kan tebur. Ko ya ɗauka yayansa ma mantawa ya yi, ko ya gane ya rufa masa asiri, fuskar ba ta nuna ba. Manaja ya daɗe yana juya biro. Korar Auta asara ce, barinsa a gaba kuma masu kaya ba za su yarda ba. A ƙarshe ya ce su yi musaya. Wutsiya ya hau gaba, ya koya wa ƙaninsa rimot.

Aka sake jera durom-durom a fili. Auta ya take su, ya sake takewa, bai yi ƙorafi ba, har hannunsa ya faɗa. Da labari ya kai wa tsohuwarsu, ta aika a kira mata babban. Ya je yana tsammanin ko sau ɗaya za ta ce masa barka. Ta kama hannunsa ta ce, “Kai ne babba, ka kula min da shi. Ka san ƙirjinsa ba ya son ƙura. A ƙara masa tamfol mai kauri.” Shekarun da ya yi a kan kujerar nan ba ta taɓa tambayar ƙirjinsa ba. Ya ce to, ya fito, ƙyashin na nan daram inda ya bar shi.

Aikinsu na farko bayan musayar ƙarafan gada ne. Wutsiya ya bi hanyar da gora, ya koma ya sake bi, tare da Auta da mai rakiya. Ranar tashi ya hau ɗakin gilashi ya rufe ƙofa. Kujerar ta karɓe shi da laushi, sanyi ya bugi fuskarsa. Ya danna hon, masu gadi suka ɗaga masa hannu. Sai ya duba madubi. Ƙarfe kawai yake gani, ya miƙe ya ɓace. Bai taɓa sanin cewa mutumin gaba ba ya ganin komai na bayansa har haka ba. Rabin motar da yake ja tana hannun wata murya ce kawai.

Suka iso mararrabar farko. Mai rakiya ya karya dama, fitilarsa na walƙiya a fili. Wutsiya ya danna maɓalli.

“Auta, dama za mu yi.”

“Dama ne, Yaya. Shiga, ina biye.”

Muryar tas take, babu komai a cikinta. Amma ƙafar Wutsiya ta ƙi barin birki. Ya san yadda murya ke fita tas alhali mai ita na kallon gada a zuciyarsa. Motoci suka fara hon. Ya ja birkin hannu, ya sauko, ya taka tsawon ƙarafan nan cikin rana har baya. Auta na kan kujerar ƙarfe, ƙura ta riga ta yi masa fari a gira.

“Lafiya, Yaya?”

“Sarƙoƙi na zo dubawa,” in ji Wutsiya. Ya taɓa ɗaya, ya dubi fuskar ƙaninsa da kyau, ya koma.

A mararraba ta biyu ma haka ya yi, da ta gaba. Mai rakiya ya fara tsaki a oba-oba, yana cewa a wannan tafiyar sai gadar ta tsufa kafin ƙarafanta su isa. Zufa ta jiƙa rigar Wutsiya duk da sanyin da ya yi shekaru yana mafarki. Da suka zo wata mararraba a bakin wani gari, inda mutane suka taru suna ɗaga masa hannu, ya sake saukowa ya ratsa ta gabansu bai ko kalle su ba. Wannan karon Auta bai tambaye shi lafiya ba. Ya bari sai da ya gama taɓa sarƙar, sannan ya cire oba-obar daga wuya ya kashe ta, don kada mai rakiya ya ji.

“Yaya, ka daina wahalar da ƙafarka,” ya ce a hankali. “Ni in na ga za ka ɓata, zan faɗa maka.”

Ya kunna oba-obar, ya mayar wuya, ya ɗora yatsunsa a kan rimot yana jira.